Duniyar tsuntsaye: ɓatan shekara 170

A dazuzzukan Asiya akwai dangin tsuntsaye masu waƙa da ke kiwon ƙwari a ƙasa, cikin busassun ganyaye. Ɗayansu ya wahal da masana. A 1850 Charles Lucien Bonaparte, ɗan ƙanen sarki Napoleon, ya siffanta shi daga gawa guda tak. Daga nan shiru, sai a watan oktoba na 2020 wasu mutum biyu suka kama shi da rai a kudancin tsibirin Borneo, suka ɗauki hotonsa, suka sake shi. Ashe idonsa ja ne wur. Wanda ya gyara gawar ne ya sa mata idon gilashi rawaya. Dazuzzukan tsibirin kuwa, gonakin kwakwar manja na ta cinye su.