Darasin Hong Kong ga masu kiran sabon kuɗi

A 1983, fargabar komawa hannun Sin ta karya darajar kuɗin Hong Kong, sai a Oktoba hukumomi suka ɗaure shi da dalar Amurka, 7.8 kan dala guda. Ba a buga takardar kuɗi sai an ajiye dalar da za ta tsaya mata. Wannan ajiya ce ta riƙe shi a rikicin Asiya na 1997 zuwa 1998. Sai dai kuɗin ruwansu na bin na Amurka, ko sun so ko sun ƙi.

Mu ma sefarmu ɗaure take da Yuro. Masu kiran a buga kuɗin AES suna da hujja, amma matasa su tambaye su: me ke cikin rumbun da zai tsaya wa kuɗin?