Hoto Ba Ya Faɗin Sunan Wuri



Yau za mu leƙa gaɓar tekun Wales, a yammacin Birtaniya, inda masu ɗaukar hoto ke tururuwa. Tun 2012 aka buɗe hanyar ƙafa mai tsawon kusan kilomita 1,400 da ta bi gaɓar yankin. Duwatsu ne tsaye ƙyam a kan ruwa, igiyar teku na dukan gindinsu dare da rana. Mai kyamara zai yi sammako, ya duba lokacin janyewar ruwa, ya yi awanni yana jiran haske. Amma da an zo rubuta sunan wurin a ƙarƙashin hoton, sai haƙuri ya ƙare. A ganinmu, wanda ya iya jiran faɗuwar rana bai kamata ya gaza ba suna minti biyar ba.

A gefen tsibirin Ynys Môn akwai hasumiyar fitilar jiragen ruwa da aka gina a 1809, a kan wani ɗan tsibiri da masu ƙasa ke kira Ynys Lawd. Baƙi sun fi saninsa da South Stack. Haka Porth Trecastell ya koma Cable Bay a bakin masu yawon buɗe ido.

Abin da ake asara ba ƙarami ba ne, domin sunayen nan bayani ne. Ynys tsibiri ne, aber bakin kogi, llan kuwa harabar coci. Aberystwyth na nufin bakin kogin Ystwyth, Ynys Llanddwyn kuma tsibirin cocin Dwynwen. Mai neman inda kogi ya haɗu da teku don ya ɗauka, taswira ta riga ta gaya masa.

Furucin ma bai kai yadda ake tsoronsa ba. Harafin dd kamar ذ yake, ch kuma kamar خ, duk wanda ya yi makarantar allo ya san su. Harafin w sau da yawa u ne. Mai wuyar shi ne ll: ka ɗora harshe kamar za ka furta l, sai ka hura iska ta gefensa ba tare da murya ba.

Wani zai ce ai kyan hoto ya isa. To amma ƙidayar 2021 ta nuna mutum 538,300 ne ke iya harshen Welsh a Wales, kashi 17.8 cikin ɗari. Kowane hoton da ya yaɗu da sunan aro yana rage wa harshen wani abu. Saboda irin wannan ne hukumar gandun Eryri ta yanke a 2022 cewa za ta riƙa kiran dutsenta mafi tsawo Yr Wyddfa maimakon Snowdon.

Mu Hausawa mun san wannan ciwon. Sakkwato ta koma Sokoto a takardun Turawa, kuma kullum muna ganin Ɗanbatta da Ƙofar Mata a rubuce babu lanƙwasa. Don haka idan labarinku ya ratsa wani gari, na gida ko na waje, ku nemi ɗan garin ku ji yadda yake faɗin sunan, ku tambayi ma'anarsa, sannan ku rubuta shi daidai.

Allah Ya ƙara wa alƙalumanmu albarka.