Ihun "Ɓarawo!" Ba Shari'a Ba Ne

Duk wanda ya taɓa jiran faba-faba da yamma a bakin kasuwar Katako ko tashar Wadata a Yamai ya san yadda abin yake farawa. Mota takan tsaya, mutum talatin su yi mata caa a kan wurin zaman mutum biyar, ana turereniya a bakin ƙofa. Can sai wata mace ta laluba jakarta ta ji wayam, ta ƙwala ihu. Kafin ta rufe baki wani yaro ya zabura da gudu, ko don shi ya ɗauka, ko don tsoro ne ya kama shi, ba mai tsayawa tambaya. Mai nama ya bar tukubarsa, mai faci ya ɗauko ƙarfen taya, ɗan kabu-kabu ya tare hanya da babur. Cikin minti biyar yaron yana kwance cikin jini, wani kuwa ya riga ya fara tambayar inda ake sayar da fetur a kwalba.

A tare mutum na goma cikin masu dukan, a tambaye shi abin da aka sata. Bai sani ba. A tambaye shi mai kayan, bai gan ta ba. Ihu kawai ya ji, ya ga ana duka, shi ma ya sa hannu. Da dare zai koma gida ya wanke hannu ya ci tuwo, ya ba iyalinsa labarin yadda aka yi maganin wani ɓarawo. Wannan mutum yana ganin kansa mai taimakon jama'a ne. Gaskiyar magana ita ce ya sa hannu cikin kisan wanda bai sani ba, a kan laifin da bai gani ba.

Ba a musun zafin sata. Ɗan kabu-kabu a Maraɗi ko Damagaram wanda ya karɓi babur bashi, yana biya kowane mako, in aka sace babur ɗin an sace abincin gidansa, bashin kuma yana nan bai tafi da babur ba. Mai tuyar ƙosai da aka yanke wa lalita, jarinta ke nan duka ya tafi. Mutane kuma suna da ƙara wadda take da tushe: a kai ɓarawo wurin 'yan sanda yau, bayan kwana kaɗan a gan shi yana yawo a unguwa, har yana harara. Wanda ya je ba da shaida yakan yi asarar yini guda ko biyu na neman abinci. Daga nan ne maganar nan ta fito, wai gara a gama da shi nan take, rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya.

To, amma ranar nan ɗaya, wa ya tabbatar ta faɗa a kan ɓarawon?

A watan Oktoba na 2012, a Aluu kusa da Fatakwal, ɗalibai huɗu na jami'a suka je bin bashi. Aka yi musu ihun ɓarayi. Aka tuɓe su, aka zaga gari da su, aka rataya musu tayoyi aka ƙone su, jama'a suna kallo, waɗansu suna ɗaukar hoto da wayoyinsu. A 2017 kotu ta yanke wa mutum 3 hukuncin kisa saboda wannan. A ƙasar Gana, a watan Mayu na 2017, wani hafsan soja mai suna Maxwell Mahama ya fita gudun motsa jiki da safe a Denkyira-Obuasi. Aka hangi ƙaramar bindiga a jikinsa, aka ce ɗan fashi ne, aka kashe shi da duwatsu da sanduna. Ashe aikin tsaro gwamnati ta aiko shi yi a yankin. A Janairun 2024 aka ɗaure mutum 12 rai da rai. A watan Maris na 2025 kuma, a Uromi ta jihar Edo, 'yan banga suka tare wata babbar mota ɗauke da mafarauta Hausawa masu komawa Kano daga Fatakwal don yin salla a gida. Aka ga bindigoginsu na farauta, aka ce masu satar mutane ne. Mutum 16 suka mutu a hannun taro.

A lura da abin da ya haɗa waɗannan mutane: dukansu baƙi ne a wurin da aka kashe su. Haka abin yake a kowane birni. Ɗan unguwa in an kama shi, akwai mai cewa, "Ku dakata, ɗan wane ne." Wanda ba shi da mai faɗa masa haka shi ne ɗan cin rani da ya zo daga ƙauye jiya, da almajiri, da mai taɓin hankali, da kurman da bai ji ana ce masa ya tsaya ba, da Bahaushen da bai iya Zabarmanci ba balle ya kāre kansa. Duk Bahaushen da ya yi kuka saboda Uromi, in ya ɗauki dutse a Katako, ya shiga sahun mutanen Uromi ke nan.

Masu bi a Nijar kuwa ba su bukatar a koya musu abin da taro yake iya yi. A ranakun 16 da 17 ga Janairu 2015, a Damagaram da Yamai, mutum 10 suka rasa rayukansu, 'yan sanda kuma suka ƙidaya majami'u 45 da aka ƙone a Yamai kaɗai. Waɗansu sun tsira a ranar ne domin maƙwabtansu Musulmi sun ɓoye su a gidajensu, ko sun tsaya a bakin ƙofa sun ce ba mai shiga. Abin kunya ne ƙwarai wanda aka ɓoye a ranar nan ya zama shi ne mai miƙa ashana yau. Manzo Bulus ma zato ne ya kusa kashe shi a Urushalima: an gan shi cikin gari tare da wani Baheleni, aka ɗauka ya shigar da shi Haikali, gari duka ya ruɗe. Da shugaban sojan Roma ya iso ya tambayi laifinsa, ya kasa samun amsa guda daga bakin masu dukan.

Ko da a ce yaron shi ya ɗauki wayar, da wace doka wayar jikka 40 ta zama farashin ran mutum? Alƙalin da ya yi shekaru yana karatu bai isa ya yanke hukunci ba sai ya saurari ɓangare biyu, ya nemi shaidu. Ta yaya mai faci da ƙarfen taya zai zama mai ƙara, ya zama alƙali, ya zama hauni, duka cikin minti biyar? Masu cewa duka ke hana sata su duba da kyau: shekara nawa ana ƙona ɓarayi a biranen Afirka ta Yamma, yau ga kowane gida da ƙarfe a taga da fasassun kwalabe a kan katanga. Abin da dukan ya koya wa ɓarawo shi ne ya riƙa yawo da wuƙa, gama ya san in an kama shi ba zai kai wurin 'yan sanda da rai ba.

Akwai kuma wani mutum wanda ba a taɓa yi masa ihu ba, shi ne kuwa ke riƙe da sana'ar duka. Ɓarawo ba ya cin waya, ba ya cin batirin mota ko kan famfo ko akuyar da ya kwance da tsakar dare da fatarta. Sayarwa yake yi, kafin gari ya waye sau biyu. Wa ke saye? Mutumin kirki ne mai tsabtar riga, wanda wani yaro ya raɓo a bakin tasha ya nuna masa wayar da ake sayarwa jikka 80 a kanti, ya ce a ba shi 15. Ba kwali, ba caja, ba takardar shaidar saye, ga hoton 'ya'yan wani a fuskar wayar. Ya san abin da yake saye sarai. Ya taya 10, aka sallama, ya tafi yana murna wai ya yi sa'a. Mai gyara ya goge masa abin da ke ciki bai tambayi komai ba. Mai sayen tsohon ƙarfe ya auna murfin kwata da wayar lantarki a sikeli, kamar daga sama suka faɗo. Mahauci ya karɓi akuya da asuba a rabin kuɗinta. Abokin ɓarawo ɓarawo ne, dokar ƙasa ma tana hukunta mai karɓar kayan sata yana sane. Amma ga shi ranar Lahadi yana zaune a layin gaba, wayar tana aljihunsa, ran Litinin kuma in an yi ihu a kasuwa shi ne kan gaba da sanda.

Hana wannan ciniki bai fi ƙarfin kowa ba. Kowace waya tana da lamba tata mai alƙaluma 15, wadda ake kira IMEI. In aka danna *#06# za ta fito, mai waya ya rubuta ta ya ajiye a gida, domin ita 'yan sanda za su nema ranar da aka sace. Kowane babur yana da lamba a jikin ƙarfensa wadda ya kamata ta yi daidai da ta takardunsa. Mai saye ya duba, ya nemi mai sayarwa ya kawo shaida, a yi cinikin a gaban mutanen da suka san shi. In ya ƙi, cinikin ya mutu. Dattawan ikkilisiya da suke zaunar da mutum saboda shan giya suna da ikon su zaunar da shi saboda wayar jikka 10, su sa ya nemi mai ita. Unguwar da take tara kuɗi kowane wata don biyan 'yan banga tana da ikon ta gindaya musu sharaɗi: a kama, a ɗaure in ya zama dole, a kai wa mai unguwa da 'yan sanda, ba duka. Ƙarar da ake yi cewa ana sakin ɓarayi, sau da yawa dalilinta shi ne mutum ɗari sun fito duka, amma ba ko ɗaya da ya je ba da shaida. Maƙwabta su raka mai kaya, su yi karo-karo su biya masa asarar yininsa.

A lokacin ihun kansa kuwa, mutum biyu ko uku masu furfura da suka tsaya kafaɗa da kafaɗa sukan isa su karya zafin taro, tun kafin a kawo taya. Mai kanti ya ja yaron ciki ya saukar da ƙofar ƙarfe, wani ya tambayi mai kayan da ƙarfi abin da ta gani da idonta, wani kuma ya kira lamba 17, ya faɗi sunan kasuwar da ƙofar da ake, ya tsaya a wurin har motar 'yan sanda ta iso.