Kwalekwalen Dufuna: Adana Icen Rabin Aiki Ne

A cikin kayayyakin tarihin da Allah Ya albarkaci ƙasar nan da su, da wuya a sami wanda ya kai kwalekwalen Dufuna daɗewa da daraja, kuma da wuya a sami wanda jama'a suka jahilta kamarsa. A tambayi ɗalibai goma ko ma'aikata goma labarin gumakan Nok ko tagullar Benin, ba za a rasa masu amsawa ba. Amma in aka ce musu jirgin ruwan da ya fi kowane daɗewa a cikin waɗanda aka taɓa tonowa a nahiyar Afirka yana nan ajiye a Damaturu, sai a ga sun yi shiru suna duban juna. Wannan abin takaici ne, amma akwai wanda ya fi shi. Muna iya adana icen jirgin har illa ma sha Allahu, alhali sanin yadda ake sassaƙa irinsa yana mutuwa a gabanmu tare da tsofaffin masassaƙa.

Ga yadda aka same shi a taƙaice. A shekarar 1987 wani makiyayi Bafulatani yana haƙa rijiya kusa da ƙauyen Dufuna, a yankin kogin Komadugu Gana, cikin Ƙaramar Hukumar Fune ta Jihar Yobe ta yanzu, sai ya ci karo da wani ice mai tauri a ƙarƙashin ƙasa. Bai fasa shi ya yi makamashi ba, sai ya kai labari ga magabata. A 1994 masana tarihin ƙarƙashin ƙasa daga Jami'ar Maiduguri da Jami'ar Frankfurt ta Jamus, a ƙarƙashin jagorancin Abubakar Garba da Peter Breunig, suka tone wurin, suka iske jirgin kwance a zurfin kimanin mita 5. Tsawonsa mita 8.4 ne, watau kusan ƙafa 28, faɗinsa kimanin rabin mita, kaurin bangonsa kuma kimanin santimita 5. Da aka auna shekarun icen a ɗakunan bincike biyu na Jamus, sai aka tarar ya kai shekara 8,000 ko ma ya ɗara.

To, a tsaya a yi tunani a kan wannan lissafi. A wancan zamani babu ƙarfe, domin sai bayan dubban shekaru ne aka fara narkar da tama a wannan yanki. Ke nan mutumin da ya kayar da wannan ƙatuwar bishiya, irin dangin maɗaci, ya rarake cikinta, ya daidaita bangonta hagu da dama, ya fiƙe goshin jirgin da bayansa, da kayan aikin dutse ya yi. Masanan da suka duba jirgin sun lura cewa kyan sassaƙarsa ba na ɗan koyo ba ne, alama ce cewa sana'ar ta riga ta daɗe kafin a zo kansa. Haka kuma jirgin shaida ne cewa ƙasar da muke gani yau cikin fari da rairayi ta taɓa zama ƙasar ruwa da manyan itatuwa, lokacin da Tafkin Chadi ya ninka girmansa na yanzu sau da yawa, har tsohuwar gaɓarsa ta bar tudun da ya ratsa ta Bama da Maiduguri.

Dalilin da ya sa ice ya yi wannan tsawon rai shi ne laka mai ruwa ta rufe shi, iska ba ta kai gare shi, don haka gara da ruɓa ba su sami hanya ba. Amma da zarar an fito da irin wannan ice sarari ya fara bushewa, sai ya tsattsage ya motse, abin da ya jure shekaru dubbai ya lalace cikin 'yan watanni. Saboda haka ake jiƙa shi da wani sinadari mai kama da kakin zuma, wanda ke shiga jikin icen a hankali ya maye gurbin ruwan. Aiki ne mai cin lokaci da kuɗi. Mutanen Suwidin sun shekara 17 suna fesa irin wannan sinadari a kan jirginsu na yaƙi mai suna Vasa, wanda ya nutse a 1628 aka tsamo shi a 1961. Don haka waɗanda suka yi ɗawainiyar ɗauko jirgin Dufuna zuwa Damaturu, da Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa wadda amanarsa ke hannunta, sun cancanci yabo.

Sai dai mu a ganinmu wannan rabin aiki ne. Jirgin da ke kwance a ɗaki yana nuna abin da aka yi, amma ba ya iya faɗin yadda aka yi shi. Ba zai gaya wa ɗalibi yadda ake zaɓen bishiyar da ba ta da kogo ba, ko a wane lokaci na shekara ake sare ta, ko dalilin da ya sa ake rarake ta tun tana ɗanya. Ba zai nuna yadda masassaƙi ke riƙe gizago ba, ko yadda yake ƙwanƙwasa bangon jirgi ya gane kaurinsa da kunne, ko yadda yake gyara shi in ya ga ya karkata a ruwa. Wannan sani yana cikin hannuwan mutane, kuma in mai shi ya rasu bai koyar ba, ya tafi ke nan.

Sauran ƙasashe sun gane haka tuntuni. A ƙasar Holan akwai kwalekwalen Pesse, wanda aka samu a 1955 wajen aikin hanya, ya kuma girmi na Dufuna, ko da yake tsawonsa bai wuce mita 3 ba. An daɗe ana gardama a kansa, wasu suna cewa ba jirgi ba ne, kwamin ba dabbobi abinci ne kawai. Ba a kashe gardamar da dogon Turanci ba. A 2001 aka sassaƙa irinsa, aka sa a ruwa, mutum ya shiga ya tuƙa. Sai an gwada akan san na ƙwarai. A garin Roskilde na ƙasar Denmak kuwa, inda aka ajiye jirage biyar na mutanen da, waɗanda aka tono a 1962, gidan tarihin yana da wurin ƙera jirage a gefensa, inda magina ke aiki da irin gatarin kakanninsu a gaban masu kallo. Ɗaya daga cikin jiragen da suka ƙera ya yi tafiya a teku har birnin Dublin a 2007.

Kada wani ya ce wannan sai Turawa. A 1969, lokacin da Thor Heyerdahl, mutumin Norwe, ya so ya gwada ko jirgin ciyawa irin na Misirawan da zai iya ratsa Tekun Atlantika, ai bakin Tafkin Chadi ya zo ya ɗauki gwanaye daga cikin Buduma, su suka ɗaure masa jirginsa na farko mai suna Ra. Jirgin ya tashi daga Maroko ya yi tafiyar dubban kilomita kafin ya lalace. Baƙo ya taso daga uwa duniya ya nemi sanin da ke bakin ruwanmu, mu kuwa da muke da shi muna ɗaukarsa aikin ƙauyawa.

Alhamdu lillahi, har yanzu ba mu makara ba. Akwai Sarkawa a Kabi da Yawuri, akwai Nupawa a bakin Kwara, akwai masunta da masu fito a Binuwai da Komadugu da Tafkin Chadi, kuma a cikinsu akwai sauran dattawan da suka gaji sassaƙar jirgi daga iyayensu. Shi kansa Abubakar Garba ya buga nazari a 1996 inda ya dubi jirgin Dufuna ta fuskar aikin masassaƙan zamaninmu. Amma manyan itatuwa suna ƙarewa, jiragen katako masu ƙusa da inji suna maye gurbin na sassaƙa, samari kuma sun fi son sana'ar da ke kawo kuɗi da wuri.

Mun san za a ce ana fama da tsadar abinci da rashin magani a asibiti, ina ruwan talaka da tsohon ice? Maganar tana da nauyi, ba kuwa za mu raina ta ba. Amma abin da muke nema ba ya bukatar miliyoyi masu yawa: na'urar ɗaukar hoto da murya, kuɗin mota, da ladan dattijon da zai zauna ya koyar. Bugu da ƙari, jirgin ruwa bai zama tarihi ba tukuna a ƙasar nan. Dubban mutane da shi suke zuwa kasuwa da gona, kuma kusan kowace damina sai mun ji labarin kifewar jirgi da asarar rayuka. Wanda ya san yadda ake gina jirgi shi ya fi sanin iyakar kayan da zai ɗauka da lokacin da ya kamata a daina hawansa. Za a kuma ce sassaƙar jirgi tana cinye itatuwa. Gaskiya ne, amma bishiya ɗaya da aka sare don koyarwa, aka dasa ɗari a madadinta, ba ita ce za ta kawo hamada ba.

Saboda haka muna kira ga Hukumar Gidajen Tarihi da Gwamnatin Jihar Yobe su haɗa kai da jami'o'inmu a kan abubuwa uku. Na farko, a bi masassaƙan jirgi har garuruwansu, ta hannun sarakunan ruwa, a ɗauki aikinsu tun daga zaɓen bishiya har zuwa ranar sa jirgi a ruwa, a rubuta sunayen kayan aiki da na sassan jirgi cikin harsunansu. Na biyu, a tara gwanaye su sassaƙa jirgi daidai da awon na Dufuna da kayan aikin dutse, a ƙirga kwanakin da aikin zai ci da yawan hannun da zai bukata, a sa shi a kogi a ga mutum nawa zai ɗauka. Na uku, sauran gidajen tarihi, kamar na Kanta da ke Argungu, su riƙa ajiye jiragen yankunansu tare da filafilai da gizago da tarihin wanda ya sassaƙa, tun kafin a farfasa su a hura wuta.

Ma'aikatan Ilimi kuma su tabbata labarin Dufuna ya shiga littattafan makaranta, a kuma riƙa kai yara su gani da idonsu, gama gani ya kori ji. Ɗalibanmu na jami'a masu neman abin da za su rubuta a kai, ga aiki nan a bakin kogin garinsu, ba sai sun kwafi na wani ba.

Makiyayin da ya ci karo da icen nan a 1987 ya sauke nasa nauyin da ya kai labari. Masana sun sauke nasu da suka tono shi suka auna. Saura namu, kuma dattawan da za mu tambaya ba za su jira mu har abada ba. Allah Ya ba shugabanninmu ikon dubawa.