Abin da ya haɗa kilishin Gwaggo da garken aladu

A watan jiya Gwaggona ta zo Ingila ganin jikanta, da jaka cike da tsaraba. A filin jirgi jami'an kwastam suka buɗe jakar, suka bar mata kuka da yaji da daddawa, suka ɗauke kilishi da dambun nama da man shanu. Muna shiga mota ta dube ni ta ce, "Kai ɗan nan, wai me kilishi ya yi musu? Na ji yarinyar tana ta ambaton aladu. Ni da alade ko a mafarki!" Na ce, "Gwaggo, ki yi haƙuri, idan mun isa gida zan yi miki bayani." Bayanin da na yi mata a daren shi ne na kawo muku yau, domin na san da yawa daga cikinmu an taɓa yi musu irin wannan ƙwace, sun kuma ɗauka wulaƙanci ne kawai.

Mu fara da 2001. A watan Fabrairun shekarar, wani likitan dabbobi ya ga aladu suna ɗingishi a wata mayanka da ke yankin Essex. Gwaji ya nuna ciwon baki da kofato ne, wanda makiyayanmu suka sani sarai a jikin shanu. Da aka bi takardun motocin da suka kawo dabbobin, sai sawu ya kai ga wata gonar aladu a Heddon-on-the-Wall, can arewacin Ingila, inda ake ba su ragowar abincin gidajen cin abinci ba tare da an dafa shi yadda doka ta ce ba. Binciken gwamnati ya fi karkata ga cewa ƙwayar cutar ta shigo ne cikin naman da aka kawo daga waje.

Shi alade idan ya kamu da wannan ciwo, ƙwayoyin da yake fitarwa a numfashinsa sun ninka na saniya nesa ba kusa ba. Iska ta kai su ga tumakin wata gona da ke kusa, aka kai tumakin kasuwar Hexham, daga nan zuwa ta Longtown, suka watsu a ƙasa. Kafin hukuma ta farga, cutar ta riga ta shiga gonaki fiye da 50. Sai da aka kashe dabbobi sama da miliyan 6, mafi yawansu tumaki da shanu, aka ɗage babban zaɓe daga Mayu zuwa Yuni, asarar kuma ta kai wajen fam biliyan 8. Tun daga shekarar aka haramta ciyar da aladu ragowar abinci a Birtaniya. Ga wanda ke cewa ba ruwansa da alade, ragon layyarsa da naman miyarsa suna cikin wannan lissafi.

Cuta ta biyu da ke hana hukumomi barci ita ce zazzaɓin aladu na Afirka. Ba ta kama mutum, ba ta kama saniya ko tunkiya, amma idan mai tsananin ta shiga garke, kusan duka take kashewa cikin kwana goma ko ƙasa da haka, kuma ba ta da magani. A Kenya aka fara bayyana ta a 1921. Asalinta tana zaune ne a jikin gadu da wata irin kaska da ke cikin raminsa, ba tare da ta yi wa gadun komai ba. Abin tsoro game da ita shi ne taurin rai: tana yin watanni a cikin naman da aka shanya ko aka sa wa gishiri, a cikin firiza kuwa ta fi haka daɗewa.

Ku dubi yadda ta yi tafiya. A 1957 ta isa Portugal, ta hanyar ragowar abincin jirgin sama da aka ba aladu a kusa da Lisbon. Ta dawo a 1960, ta shiga Sifaniya, wadda ba ta rabu da ita ba sai 1995. A 2007 ta ɓulla a Jojiya kusa da tashar jiragen ruwa ta Poti, ana kuma zargin sharar abincin jirgin ruwa. Daga nan ta bi Rasha da gabashin Turai, ta shiga China a watan Agustan 2018, ƙasar da ke da kusan rabin aladun duniya a lokacin. Farashin naman alade ya ninka a can, China ta bazama sayen naman shanu da kaji daga waje, kasuwar nama ta duniya ta ji a jikinta. A 2020 aka same ta a aladun daji a Jamus, a 2021 kuma a Jamhuriyar Dominika da Haiti, a ƙofar Amurka. Gadu bai taɓa hawa jirgi ba. Duk wani dogon tsalle da cutar ta yi, mutum ne ya ɗauke ta a cikin nama, ko a tayar mota, ko a takalmi.

To yaya ake bin sawunta? Aikin yana farawa daga mai kiwo, wanda ya ga dabbarsa ta ƙi cin abinci, kunnuwanta sun yi ja, ya kira likita. A ɗebi jini a kai ɗakin gwaji, kamar cibiyar Pirbright a Ingila ko cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom a jihar Filato. Idan aka tabbatar, a Turai ana zagaye gonar da da'ira biyu, ta kilomita 3 da ta kilomita 10, a hana shige da ficen dabbobi. Sai a ɗauko littafin gonar a duba kwanakin baya: wace mota ta kawo abinci, wane dillali ya shigo, ina aka kai dabbobin da aka sayar. Duk inda sawu ya kai, a je a gwada. Garken da ya kamu a kashe shi, a binne ko a ƙone, a wanke wurin da magani, a biya mai shi diyya. Ƙasar kuma ta kai rahoto ga hukumar lafiyar dabbobi ta duniya da ke Paris, domin maƙwabta su shirya. Masana na iya karanta tsarin halittar ƙwayar su gane danginta. Ta haka aka gano cewa wadda ta shiga Jojiya ƴar gidan waɗanda ke kudu maso gabashin Afirka ce da Madagaska, kuma ita ɗin ce ta kai China.

Inda gizo ke saƙar shi ne diyya. Idan mai kiwo ya san cewa da ya kai rahoto za a kashe masa dabbobi a bar shi hannu rabbana, shiru zai yi, ya kwashi waɗanda suka rage ya kai kasuwa da araha, cutar ta bi su. Wannan ne ciwon ƙasashenmu. Zazzaɓin ya shiga Kamaru a 1982, Najeriya a 1997, Ghana a 1999, kuma har yau yana dawowa. A 2020 ya yi mummunar ɓarna a babbar gonar Oke-Aro da ke iyakar Legas da Ogun. Kada mu manta cewa a kudancin Kaduna da Filato da Adamawa akwai dubban iyalai masu jin Hausa, wasu ma suna karanta wannan fili, waɗanda alade ne asusunsu. Da shi uwa ke biyan kuɗin makaranta da na asibiti. Idan garke ya mutu a mako guda, yaro ne ke zama a gida.

Yanzu mu dawo kan jakar Gwaggo. Kilishin saniya ba ya ɗaukar zazzaɓin aladu, wannan gaskiya ne. Amma naman shanu da madara suna iya ɗaukar ƙwayar ciwon baki da kofato, cutar da har yanzu take yawo a garkunan Najeriya da Nijar da Chadi. Jami'in da ke tsaye a filin jirgi ba shi da hanyar sanin naman mene ne a ƙunshinki, ko irin zafin da ya sha. Shi ya sa dokar ta haɗa duka. Birtaniya ta daɗe da hana matafiyi shigo da nama da kayan madara daga ƙasashenmu, kuma daga watan Afrilun 2025 ta hana har daga ƙasashen Tarayyar Turai, bayan ciwon ya ɓulla a Jamus da Hungary da Slovakiya. A Amurka akwai karnukan da aka horar suna shinshina jakunkuna, kuma wanda ya ɓoye nama bai faɗa ba, tara ce ke jiransa.

Abin da ya rage namu kaɗan ne. Mu faɗa wa masu zuwa tun suna gida kada su wahalar da kuɗinsu a kan kilishi da dambu, akwai ƴan uwa da ke yin su a nan da naman da aka yanka a nan. Idan an tambaye ka abin da ke jakarka, faɗi gaskiya, a karɓe ya fi a ci ka tara. Direbobinmu na manyan motoci a Turai, ragowar abinci mai nama a sa shi a kwandon shara mai murfi, kada a jefa a bakin daji inda aladun daji ke kiwo. Masu aiki a gonaki da mayanka, kayan aiki da takalmi su tsaya a wurin aiki. Ɗalibanmu masu karatun likitancin dabbobi kuma, ku koyi wannan aikin bin sawu da kyau, domin gida na buƙatarsa, ga shanu da tumaki da kaji baki ɗaya. Hausawa sun ce idan gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Gwaggo dai ta saurare ni har ƙarshe, ta ce, "To Allah ya kyauta. Amma gobe ka nemo min mai kilishin nan da ka ce, in ɗanɗana in ji ko ya iya." Sai mun haɗu a mako mai zuwa.