Wa Ya Ce Hausar Zongo Ba Ta Rubutuwa?

Duk shekarar da BBC Hausa ta buɗe gasar rubutun gajerun labarai ta Hikayata, magana ɗaya ake ji a Zongon Kwatano: wai wannan harkar 'yan Kano da Zariya ce, mu Hausarmu ta cuɗanya da Faransanci da Fon da Dendi, ba ta shiga takarda. Manya ne ke faɗin haka, har da masu boko, yara kuma sun haddace. Wannan magana tana ci mini rai, don ta kashe alƙaluma da yawa tun ba a ɗauke su ba.

An fara gasar a 2016 domin mata, Aisha Muhammad Sabitu ta lashe ta farko da labarinta Sansani. A 2022 kuwa Amira Souley ce ta zo ta ɗaya da Garar Biki, kuma daga Maraɗi take, a Nijar, ƙasar da bokonta na Faransanci ne kamar namu. To, me ya rage na uzuri?

Matsalar da ke akwai ta gaske ita ce ƙa'idar rubutu. Yaranmu suna rubuta "ou" a gurbin "u", "ch" a gurbin "sh", ba su san inda ƙ da ɗ da ɓ suke a wayarsu ba. Wannan koya ake yi, kuma ba ya ɗaukar shekara. Abin da ba a iya koya wa kowa shi ne labarin da muke zaune a kansa. Wa zai rubuta matar direban da tirelarsa ta maƙale a Malanville bayan rufe iyakar Nijar a 2023, tana ƙirga ragowar sefa a bakin zani, yara na jiran kuɗin koko? Wa ya san halin da mai kai kaya Legas ya shiga da aka garƙame iyakar Seme a watan Agustan 2019? Ɗan canjin da ke zaune kusa da tashar Jonquet, yana magana da harshe huɗu kafin azahar, marubucin Kano bai taɓa ganinsa ba.

Wasu kuma su ce ƙagaggen labari ƙarya ce, bai dace da gidan malamai ba. Su tuna gasar da Rupert East ya shirya a 1933. Ita ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Malam Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, dukansu mutanen da suka tashi a kan allo. Ko a Amurka, mabiya ɗariƙar Mormon, da aka sani da riƙon addininsu, suna da gasar gajerun rubuce-rubuce tun 2012, kalma dubu kacal. In ba mu ba da labarin kanmu ba, bare zai bayar yadda ya ga dama.

Alhazan Zongo, ku nake nufi. Abin da ake liƙa wa maroƙi a biki guda ya isa sayen data da aron kwamfuta ga 'yan mata goma. Malaman Islamiyya su ware awa ɗaya ranar Alhamis don koyar da rubutun Hausa. Uba kuma in ya ga 'yarsa ta duƙufa tana rubutu a waya, ya tambaye ta abin da take rubutawa kafin ya ƙwace.