Masu Awon Ƙuri'ar Kwamfuta

Kwamfuta ba ta san sa'a ba. In aka ce ta jefa ƙuri'a ta fid da lamba haka siddan, lissafi kawai take bi: ta ɗauki lambar baya ta jujjuya ta, abin da ya fito shi ne lamba ta gaba. Da irin waɗannan lambobi masana ke kwaikwayon al'amuran duniya cikin na'ura, da su kuma ake ƙera mabuɗan asiri na bankuna. To, wa ke duba ko sun karkace?

An taɓa shan wuya a kan wannan. A shekarun 1960 kamfanin IBM ya baza wata dabara mai suna RANDU, wadda ke riɓanya kowace lamba da 65539. A ido lambobinta a warwatse suke. Amma in aka ɗebo su uku-uku, aka mai da kowace uku ɗigo guda a cikin akwati, sai ɗigogin duka su jeru a kan shimfiɗa 15 kacal, kamar kantocin ɗan tireda, tsakaninsu wayam. George Marsaglia, wani masanin lissafi na Amurka, ya nuna a 1968 cewa duk dangin wannan dabara suna da irin wannan lahani.

Shi ne kuma a 1995 ya fitar da tarin gwaje-gwaje a faifan kwamfuta, ya sa musu suna Diehard. Ɗaya daga ciki yakan sa lambobin su buga wasan dara na Turawa mai ɗiyan jefawa har sau 200,000, a ga ko yawan ci ya dace da abin da lissafi ya ce. A 2007 Pierre L'Ecuyer da Richard Simard na Jami'ar Montreal a Kanada suka bayyana TestU01, mai matakai uku: SmallCrush, Crush da BigCrush. Na ƙarshen gwaji 106 ne, yakan ci sa'o'i. Har shahararriyar Mersenne Twister, wadda Japanawa biyu suka ƙirƙira a 1997, ta yi tuntuɓe a biyu daga cikinsu.

Amma fa a lura, waɗannan manhajoji kama mai laifi suke yi, ba su wanke kowa. Dabara ta ci gwaji ɗari, ba abin da ya hana ta faɗi a na ɗari da ɗaya. Kuma warwatsuwa dabam, ɓuya dabam: wanda ya ga lamba 624 a jere daga Mersenne Twister zai iya faɗin duk masu zuwa, shi ya sa ba a ƙera mabuɗin asiri da ita.

Abin da ya sami Debian ya fi wannan ban tsoro. Daga 2006 zuwa 2008 wani ɗan gyara da aka yi wa OpenSSL ya sa irin da ake shuka lambobin da shi bai wuce kusan 32,767 ba. Lambobin da ke fitowa ras suke, mai awo ba zai ga aibunsu ba, alhali ɓarawo zai iya gwada mabuɗan ɗaya bayan ɗaya har ya dace. Saboda haka a ganina, hukumar da za ta raba filaye ko guraben aiki ta ƙuri'ar kwamfuta, kada ta tsaya a kan takardar cin gwaji. A tambayi ɗan kwangila inda irin ya fito, da wanda ya san shi kafin ranar ƙuri'a.